Jawabin Shugabar Mata Kan Zamanmu da 'Yan Sanda



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓu daga Anka, Gummi da Bukkuyum, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Ina gajiya, ina ɗiya, yaya haƙuri da wanga zamani? Allah ya kawo mana sauƙi. Wagga magana ta zaman tabarma ce, to hanya ba ta ba kowa damar zuwa ba, shi ya sa na rubuto ta nan. Wadda karatun boko ke ba wahala, ta ba ɗiyarta wayar ta karanta mata, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara turo martani.

Kwanakin nan na saurari saƙonnin murya da yawa a guruf-guruf ɗinmu. Kusan duk wadda ta buɗe baki kan tsaro, sai ta rufe da zagin ɗan sanda. Wata ta ce ba su da amfani, wata ta ce gara babu su, wata har da Allah ya isa ga duk mai baƙin kaki. Na ji zafin da ke cikin muryoyinku, kuma ban ce ƙarya kuke yi ba. An kira su ba su zo ba sai da ƙura ta lafa. An tare direba a shinge an karɓi na goro, buhun gero yana bayan mota, kuɗin kuma a kanmu zai dawo a kasuwa. An kama yaro kan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kwana bayan kanta, uwarsa ta sayar da akuya kafin a sako shi. Duk wannan yana faruwa, kuma duk wanda ya ce ba ya faruwa, ba a cikinmu yake zaune ba.

Amma ina so yau ku leƙa ɗaya gefen tare da ni, don mace mai shugabanci ba ta yanke hukunci da kunne ɗaya.

Ku fara da lissafi. Adadin 'yan sandan Nijeriya da aka saba faɗa kimanin 370,000 ne, a ƙasar da mutanenta sunka haura miliyan 200. Ke nan ɗan sanda ɗaya yana kan mutum sama da 500. Wannan ma in an raba su daidai ke nan, alhali ba a raba daidai ba. Da yawa suna ƙofar gidajen manya, suna buɗe get, suna bin uwargida kasuwa riƙe da jaka. Sufetocin 'yan sanda na ƙasa sun sha ba da umarnin a janye su, har a watan Nuwamba na 2025 shugaban ƙasa Bola Tinubu da kansa ya ce a janye su a maida su aikin tsaron jama'a. To ku ɗauki abin da ya rage ku shimfiɗa shi kan ƙananan hukumomi 14 na Zamfara, ku dubi faɗin daji daga Bagega zuwa Gwashi, daga Adabka zuwa Gayari, ku gaya mini mutum nawa za su isa. Wadda ta taɓa bin hanyar Mayanci zuwa Anka, ta wuce Daki Takwas ta nufi Gummi, ta san yadda ake tafiya mai nisa ba gida ba gari, sai gonaki da kurmi.

Wanda ke tsaye a shingen nan kuwa, yawancinsu ƙananan ma'aikata ne, kurtu, kofur, saje. Ya kwana a tsaye, sauro ya ci, raɓa ta jiƙa, da hantsi rana ta gasa shi cikin baƙin tufa. Bindiga ɗaya ce a hannunsa da harsashin da anka ƙirga aka ba shi, kuma in ya harba sai ya yi bayanin kowane ɗaya. Waɗanda za su fito masa daga daji kuwa suna zuwa bisa babura da yawa, biyu-biyu ko uku-uku kan kowane, ba mai ƙirga musu harsashi. Ku da kanku kun ga irin makaman da ke hannun mutanen nan. A ranar 18 ga Yuli 2021 sai da sunka harbo jirgin yaƙin sojan sama, matuƙinsa Abayomi Dairo ya diro da lema Allah ya kuɓutar da shi. Duniya duk ta ɗauki labarin jirgi. A wannan ranar dai, Lahadi, saura kwana biyu Babbar Sallah, 'yan bindiga sunka kashe 'yan sanda 13 a Kurar Mota cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Goma sha uku, rana ɗaya. Ranar da muke soya nama, gidaje 13 zaman makoki suke. A cikinmu wa ya iya faɗin sunan ko ɗaya daga cikinsu?

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai matan da ke bayansu ne, don irinmu ne. Matar ɗan sanda tana bariki, ɗaki ɗaya ko biyu, rufi na yoyo, banɗaki na haɗaka. Mijinta an turo shi Zamfara daga wata jiha, wataƙila ko Hausa ba ya ji sosai, wata da watanni bai ga ɗiyansa ba. Duk lokacin da wayarta ta yi ƙara da dare sai gabanta ya faɗi, kamar yadda naki ke faɗuwa in maigida ya tafi gona bai dawo ba har magariba. In ya rasu a bakin aiki, kafin a biya haƙƙinsa sai ta gaji da yawon ofisoshi da takardu, ɗakin barikin ma ba nata ba ne, wata rana za a ce ta tashi. In kuma Allah ya ja kwanansa ya yi shekara 35 ya aje aiki, sai ya faɗa tsarin fanshon nan na karo-karo da anka kawo a 2004, wanda daga baya anka fitar da soja da jami'an tsaron farin kaya daga cikinsa, anka bar ɗan sanda. A watan Yuli na 2025 tsofaffin 'yan sanda, dattawa masu furfura, sai da sunka fito zanga-zanga a Abuja kan wannan fansho. Yaron da ke shinge yau yana kallon waɗannan dattawa a wayarsa, yana ganin gobensa.

Kada wata ta ce Hajiya ta halatta cin hanci. Ban halatta ba. Talauci bai taɓa zama hujjar cin haƙƙin wanda ya fi ka talauci ba, kuma akwai 'yan sanda da albashinsu ɗaya da na masu karɓa, amma ba su miƙa hannu. Na san irinsu, ku ma kun sani. Sai dai mun koya tun a Islamiyya cewa zunubin rashawa bai tsaya kan mai karɓa shi kaɗai ba. Direban da ya yi lodin da ya wuce ƙima, ba takarda, ba birki, tun daga nesa ya naɗe kuɗi a tafin hannu, shi ma yana da kaso. Haka babban mutumin da ke ɗaga waya tsakar dare ya ce wa dipio, yaron nan da kunka kama da wuƙa yarona ne, a sake shi. Gobe ɗan sandan da ya kamo shi zai gan shi yana yawo a tasha yana yi masa dariya. Jibi in ya ga wani da wuƙa, me kuke zaton zai yi? Zai kau da kai. Ina faɗin wannan a gidan jam'iyya da gangan, don lokacin zaɓe in ya matso irin wannan waya ta fi yawa, kuma ba jam'iyyar da ta tsira daga masu yin ta. Duk wadda ɗanta ko ƙanenta ke bin 'yan siyasa da gora ko adda, ta ja masa kunne tun yanzu, kuma kada ta kira ni in ya shiga hannu da makami.

Tsoron ɗan sanda kuma ba yau ya fara ba a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun zauna da dogarai da 'yan doka na En'e, masu karɓar haraji da jangali, wanda in an hango jar hularsu gari ke watsewa. Rundunar 'yan sandan Nijeriya an kafa ta a 1930 zamanin Turawa, kuma sai bayan sojoji sun karɓi mulki a 1966 anka narkar da 'yan doka cikinta. Tsoron nan shi muka gada, muna kuma shayar da shi. Yaro ya ƙi cin tuwo, a ce ga ɗan sanda nan. Ya ƙi wanka, za a kira ɗan sanda. Yaron da ya tashi haka, ran da ya ga baƙin babura a bakin rafi, wurin wa zai ruga ya faɗa?

Nan ne maganar ta fi nauyi, don haka ku ba ni hankalinku. Ɗan sanda baƙo ne a garinmu. Bai san wane ne ya fara sayen burodi buhu guda alhali gidansa mutum huɗu ne ba. Bai san wace ce ke kai caji da katin waya bakin daji ba, ko wane ne ya yi sabon babur ba noma ba kasuwa. Mu muka sani, mu mata, don a gidan suna da gidan biki da bakin rijiya ba abin da ke ɓoyuwa. Kuma na san dalilin shirunku, dalili ne mai ƙarfi. Ana tsoron a faɗa da safe, kafin la'asar maganar ta isa daji da sunan wadda ta faɗa. Infoma sun shiga ko'ina, har gwamnatin jiha a 2022 ta sa hannu kan dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga masu kai wa 'yan bindiga bayani. Saboda haka ba zan ce wa kowace mace ta ɗauki mayafi ta nufi caji ofis tsakar rana kowa na kallo ba. Ranki amana ne. Abin da nake cewa, kada maganar ta mutu a cikinki. Akwai mijinki, akwai limami, akwai mai unguwa ko hakimin da kika yarda da amanarsa, su sun san jami'in da za a gaya wa magana ta tsaya. In duk ba ki natsu da su ba, ki same ni ni kaɗai, baki da baki, ba a waya ba, ba a guruf ba. Ba zan tambaye ki ya anka yi kika sani ba.

Kuma zato daban, sani daban. Kada kishi ko rigimar gona ko bashin adashe ya sa a laƙaba wa ɗan wata sunan infoma. A yankin nan kalmar nan kisa take, kafin a bincika an gama da mutum. Haka kuma kada a ce duk Bafulatani ɗan bindiga ne. Masu kawo mana nono da man shanu da yawansu an kwashe musu shanu, an kashe musu maza, suna gudun hijira kamar kowa.

Sai maganar waya. Wallahi wasu cikinmu suna yi wa ɓarayin daji aiki kyauta ba su sani ba. Motocin mobal sun wuce, an ɗauki bidiyo an sa a sitatus, ga jami'ai nan sun nufi wuri kaza, Allah ya ba su sa'a. Addu'arki mai kyau ce, amma kin faɗi yawansu, kin faɗi hanyarsu, kin faɗi lokaci. Waɗancan ma suna da waya, suna da WhatsApp, suna TikTok. Kun manta farkon Satumba 2021 da anka rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya, anka rufe kasuwannin mako? Mun sha wuya, mai son gaisawa da ɗanta sai ta yi tafiya zuwa wata jiha neman sabis. Dalilin da anka bayar ke nan, bayani yana fita. Daga yau duk wadda ta sa hoto ko bidiyon motsin jami'an tsaro a guruf ɗin mata na jam'iyya, admin ta goge nan take, in ta sake a cire ta. Haka hotunan gawa, na ɗan sanda ne ko na manomi. Wata uwa a waya ta fara ganin gawar ɗanta kafin a zo mata da gaisuwa, wannan ba tarbiyyarmu ba ce.

Yanzu bari in ba ku abin da za ku riƙe a hannu, don mutunta ɗan sanda ba ya nufin ki bari a taka ki. Yawancin cutar da ake mana a caji ofis, rashin sanin doka ne ke buɗe mata ƙofa. A watan Satumba na 2020 marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar 'yan sanda. Sashe na 36 na dokar ya hana a kama mutum a madadin wani. Ke nan in ana neman ɗanki ba a same shi ba, ba wanda ke da ikon ya tafi da ke ko da ubansa ko da matarsa ya ce sai ya fito. Dokar ta kuma hana a kama mutum kan rigimar bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai, wannan aikin kotu ne da sulhun dattawa. Ina jan hankalin 'yan kasuwarmu a nan, masu kai ƙarar wadda ta ci bashin atamfa caji ofis don a tsorata ta. Duk awar da ɗan sanda ya ɓata kan kuɗin atamfarki, an cire ta ne daga tsaron hanya.

Wanda anka kama yana da haƙƙin a gaya masa dalili, a kuma sanar da danginsa ba tare da an karɓi ko sisi ba. Yana da haƙƙin ya yi shiru har sai ya ga lauya, kuma akwai hukumar gwamnati mai ba talaka lauya kyauta. In za a rubuta bayaninsa da Turanci alhali ba ya ji, dole a samo mai fassara ya karanta masa. Kada ki dangwala yatsa kan takardar da ba a karanta miki ba, ko da an ce sauri ake. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Beli kyauta ne, a bangon ofisoshinsu ma suna rubutawa. Mace tana iya tsaya wa mutum beli, dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗe shi ƙarara, don haka kada a ce miki je ki kawo namiji. In za a caje jikin mace, mace ce za ta caje ta, sai in larura ta gaggawa ta hana. Duka da azabtarwa don mutum ya amsa laifi kuwa, dokar 2017 ta maida shi babban laifi mai ɗaurin da ke iya kai shekara 25.

Amma ku fahimce ni da kyau, kada wata ta je ta yi rigima da sunana. Manyan laifuka irin kisa, fashi da makami da satar mutane, belinsu ba a hannun dipio yake ba, sai kotu. Kuma yadda ake faɗin magana shi ne rabin nasara. Ki shiga da sallama, ki gaishe su da aiki, ki ce ranka ya daɗe, ina neman a gaya mini laifin da ake tuhumarsa. Kada ki tafi ke kaɗai, ki ɗauki shugabar matan mazaɓarku ko wani dattijo. Ki riƙe sunan jami'in da ke ƙirjinsa, da rana da lokaci. In an nemi kuɗin beli, ki ce a ba ki rasit, sau da yawa nan maganar ke mutuwa. In ƙaramin jami'i ya ƙi saurare, ki nemi ganin dipio. In can ma ba a dace ba, akwai kwamishina a Gusau, akwai sashen karɓar koke na rundunar da anka buɗe tun 2015, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Abin da ba ya aiki shi ne tsayawa bakin titi ana zagi, ko tara yara su yi jifa. Mun ga abin da ya biyo bayan zanga-zangar EndSARS a Oktoba 2020 a kudu. Kukan matasan na gaskiya ne, har anka rusa SARS, amma da ɓata-gari sunka shiga sunka ƙone ofisoshin 'yan sanda, unguwanni sun yi makonni ba mai tsaro, ɓarayi sunka ci kasuwarsu. Mu da ke bakin daji ba mu da ƙarfin ɗaukar irin wannan.

Askarawan Zamfara da gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a ƙarshen Janairu 2024, sama da mutum 2,600, ɗiyanmu ne, sun san daji, suna kuma ba da ransu. Sojoji ma suna nan. Amma askari ba ya rubuta ƙara ya kai kotu, soja kuma ba don rigimar gado ko fyaɗe ko satar waya anka kawo shi ba. Ran da anka yi wa ƙaramar yarinya ɓarna, Allah ya tsare, takardar ɗan sanda da ta asibiti su ne ke tsayawa gaban alƙali. A irin wannan kada a yi wanka, kada a wanke tufafin, kada a tsaya rufa-rufa don kunya, a tafi asibiti da caji ofis a ranar.

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a ba su labarin rashin tsaro. Daga 4 zuwa 6 ga Janairu 2022 an bi ƙauyuka irin su Kurfar Danya da Barayar Zaki da Rafin Gero, gwamnati ta ce mutum 58 anka kashe, mutanen yankin sunka ce sun kai 200. Har yau akwai matan da ke zaman gudun hijira a Anka da marayu a gabansu. Abin da waɗannan mata ke nema shi ne a ƙaro jami'ai, a ba su mota da mai da kayan aiki, a biya su alawus kan lokaci, a kuma hukunta na banza a cikinsu. Wannan shi ne abin da nake so mu riƙa faɗa wa duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'ar mata, namu ne ko na wasu. Kafin ya miƙo atamfa da sabulu, a tambaye shi 'yan sanda nawa ke gadin gidansa, nawa ke gadin mazaɓarmu.

Ga abin da na roƙa a yi kafin taronmu na wata mai kamawa. Kowace shugabar mata ta ƙaramar hukuma ta ɗauki mata uku masu natsuwa, su nemi izini su kai wa dipio gaisuwa, su karɓo lambar da ake kira in abu ya taso, su kuma tambaya ko akwai 'yar sanda mace da za a riƙa tura matsalar mata wurinta. Ba da rigar jam'iyya za a je ba, ba hula ba tuta, don ɗan sanda na kowa ne kuma kada mu ja masa zargi. Su kuma bincika a hankali ko akwai matar ɗan sanda ko ta askari da mijinta ya rasu a bakin aiki tana zaune cikinmu. Daga asusun gudummawarmu za mu fitar da abin da ya sawwaƙa, ko kwanon gero ne da sabulu, mu kai mata yadda muke kai wa sauran zawarawa, Musulma ce ko Kirista. Ba hoto, ba bidiyo.

Wadda kuma ke da ƙorafi na gaske, an karɓi kuɗin beli, ko an tsare wani nata ya wuce kwanakin da doka ta ce, ta kawo wa sakatariyar mazaɓarta da rana da wuri da abin da ya faru, a rubuce. Za mu haɗa su wuri ɗaya, ni da kaina zan kai su Gusau.

Shugabannin mazaɓu, a tura wannan saƙo zuwa guruf ɗinku yau, wadda ta karanta ta amsa da "na gani" kawai, kada a cika guruf da sitika. Allah ya jiƙan waɗanda munka rasa, ya dawo da waɗanda ke hannu lafiya.

Wassalamu alaikum.
Taku, Shugabar Mata.